Minti Goma Sha Ɗaya a Wad Madani

Dillali ya ce wata shida ne kawai,
"Sudan zango ce, Tasi'u, Turai za ka."
Na sa hannu a takardar da rubutunta ke tashi daga dama,
haruffan na san su tun ina yaro,
amma babu ayar da na gane a ciki.

Na sauka da jaka ɗaya.
Takalmin hagu Malam Ɗanjuma ne ya ɗinke shi a Gusau
da zaren buhu, ya ƙi karɓar ko sisi,
ya ce ran da na ci ƙwallo a talabijin
in ɗaga ƙafar ya ga aikinsa.

Ranar garin nan ba ta san baƙo ba.
Sai la'asar ta yi sanyi muke fita atisaye,
koci Mu'utasim na busa usur yana cewa "ya zol",
na yi mako uku ina zaton suna ya raɗa mini.
Fasfona yana kwana a aljihun teburin sakatare.
Albashi kuwa, kullum "bukra",
har na gane bukra da gobe ba uwarsu ɗaya ba.

Wasa tara ina benci.
Na san ƙusoshin katakon ɗaya bayan ɗaya,
na san wadda ke cin wando.
Inna ta bugo waya, na ce ana hutar da ni ne.
Ta ce, "Hutun me, kai da ba ka fara aikin ba?"

Akwai wata darbejiya a bakin Nilu,
ƙarƙashinta tsohuwa da gawayi da ƙananan kofuna.
Na yi tuntuɓe da kujerarta, "wayyo Allah" ya suɓuce mini.
Ba ta ko ɗago kai ba ta ce,
"Sannu, yaro. Ɗan wane gari?"
Hausa ce, amma irin wadda aka daɗe da ajiyewa a randa,
sanyinta daban.

Hajja Uwale.
Kakanta ya baro Katagum a ƙasa, da jaki da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare a nan,
ya tsaya tsinkar auduga ta kaka ɗaya.
"Har yau muna cikin kakar nan," in ji ta.
Na ce ni wucewa zan yi, wata shida ne.
Ta yi dariya har ta ajiye cokali,
ta ƙara mini citta, ba ta ƙara magana ba.

Wasa na goma, mai lamba tara ya dafe cinya ya zauna.
Saura minti goma sha ɗaya.
Koci ya waiga, ya duba wannan, ya duba wancan,
ya rasa, ya ce, "Ya zol."

Taɓawar farko, na miƙa wa abokin gaba.
Ta biyu, wani ƙato ya shimfiɗe ni,
na ɗanɗani ƙasar Jazira, gishirinta kaɗan ne.
Ta uku bugun kwana ce, ƙafafu sun cakuɗe,
ban bugi ƙwallo ba, ita ta buge ni a ƙwauri,
ta gangara a hankali
kamar akuyar da ta san ƙofar gidansu,
ta shige raga.

Babu talabijin.
Mutum ɗari huɗu ne, da mai tallan gyaɗa.
Duk da haka na ɗaga ƙafar hagu sama,
zaren buhu ya tsinke,
babban yatsa ya leƙo yana kallon Sudan.

Washegari jikanta ya riga ni kai labari.
"An ce ka ci. Sun biya ka?"
Na ce bukra.
Ta ture mini kujerar da ƙafa, ta hura gawayi.
"Zauna, to. Ruwan bai tafasa ba."

Wata na takwas ke nan.
Na fara sanin kofin da yake nawa.